Kafin ka ɗauko injin 3D daga rumfar baje koli

Ranar wata Asabar bayan sallar isha'i ɗan yayata ya faɗo gidana da waya a hannu, ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya miƙo mini. "Kawu, dubi wannan." Bidiyo ne daga wani baje koli a ƙasar waje. Inji ne cikin akwati mai ƙofar gilashi, kansa yana kai da komo kamar allurar keken ɗinki, a ƙasa kuma wani ɗan dodo mai launi huɗu yana tasowa a hankali. Ya ce ya tara kuɗi, akwai mai tafiya Chaina a layinsu, irin wannan zai sa a taho masa da shi. Na ce, "Injin ka gani. Ka duba ɗakin da yake ciki?" Ya sake kallo. Katafaren zaure ne mai sanyi, fitilu tar, ƙasa tsaf, wuta ba ta ko ƙiftawa. Ɗakinsa kuwa na san shi, rufin kwano ne a Kurna, taga ɗaya tana kallon titi.

Abin da baje koli ke yi wa mutum ke nan. Yana nuna maka inji a ranar aurensa, kai kuwa zaman gida za ka yi da shi, cikin hazon Janairu da zafin Afrilu da ɗaukewar wuta. Na ɗan jima ina fama da injinan nan, shi ya sa na ga gara in rubuta abin da na gaya masa, ko wani ma zai amfana.

Ga wanda bai taɓa gani ba, injin 3D na gida yana narka zaren roba ne yana shimfiɗa shi zagaye bisa zagaye, yadda mai ginin tukunya ke ɗora murɗaɗɗen yumɓu, har siffar da aka zana a kwamfuta ta fito. Dabarar ta kamfanin Stratasys ce ta Amurka, kuma har shekarar 2009 haƙƙin mallakarta yana hannunsu. Da wa'adin ya ƙare, ga kuma aikin RepRap da Adrian Bowyer ya faro a Jami'ar Bath ta Ingila a 2005 inda aka saki zanen inji kyauta ga kowa, sai farashi ya faɗo ƙasa warwas. Daga wannan zuri'ar ne kusan duk ƙananan injinan yau suka fito.

Wane baje kolin ma za ka je? Wanda sunansa ya fi tashi shi ne Formnext, a Frankfurt ta Jamus, kowane Nuwamba. Kamfanonin ƙananan injina suna kafa rumfa a can, amma yawancin zauren na manya ne, masu buga ƙarfe don jiragen sama da asibitoci. Ga biza, ga tikiti, ga otal, kuɗin tafiyar kaɗai zai saya maka inji fiye da ɗaya. Taron da ya fi dacewa da ɗan sha'awa irinmu shi ne Midwest RepRap Festival da ake yi a garin Goshen na jihar Indiana, inda mutum ke zuwa da injin da ya haɗa da hannunsa ya ajiye a tebur, ka tambaye shi ya gaya maka gaskiyar abin da ke ba shi wahala, don ba sayarwa ya zo yi ba. Sai dai Amurka ce, mu dai mu kalla a YouTube.

Chaina ta fi kusa da mu, ba a taswira ba, a hanyar kasuwa. 'Yan Kwari da Sabon Gari sun daɗe da sanin Guangzhou, inda ake Canton Fair sau biyu a shekara, Afrilu da Oktoba. Daga can zuwa Shenzhen bai kai awa ɗaya ba a jirgin ƙasa mai gudu, kuma Shenzhen ce gidan kamfanonin ƙera injin 3D irin su Creality da Bambu Lab da Elegoo da Anycubic. Akwai kuma TCT Asia a Shanghai, wanda na harkar 3D ne zalla. Idan dama kana da tafiyar kasuwanci, ƙara kwana biyu a kai riba ce. Amma a ɗauki jirgi musamman don sayen inji ɗaya, wannan almubazzaranci ne.

Na gida kuwa, baje kolin da KACCIMA, ƙungiyar 'yan kasuwa da masana'antu ta Kano, ke shiryawa a filinta na Zoo Road wajen ƙarshen shekara, da na Kaduna da na Legas, na kowane irin kaya ne, daga atamfa zuwa injin niƙa. Ba don 'yan 3D aka kafa su ba. Duk da haka ni ban raina su ba, saboda dalili biyu. A nan za ka zagaya rumfunan masu sola da inbata ka kwatanta farashi, kuma wannan rabin cinikin ne kamar yadda za mu gani. Sannan in ka ci karo da mai nuna injin 3D a baje kolin gida, mutum ne da yake da shago da lambar waya a Najeriya, wanda za ka iya komawa wurinsa ranar da abu ya lalace.

To, a rumfar za ka tarar da iri biyu. Akwai masu zare, akwai masu ruwan rezin, irin su Elegoo Mars da Anycubic Photon, waɗanda ke daskarar da ruwan da haske. Aikin rezin ne ke ɗauke ido a tebur, sumul kamar an zuba a maƙera, ko gashin gira yana fitowa. Mai yin samfurin zobe ko haƙori shi ya kamata ya nema. Abin da ba a nunawa a rumfa shi ne wari, da safar hannu, da wanke kowane abu da sinadarin IPA, wani irin sifirit, da sake gasa shi a haske. Ruwan yana cutar da fata, hasken rana daga taga ma yana iya daskarar da shi a cikin kwanonsa. Gidan da yara ke shiga ko'ina, ban ba ka shawara ba. Mai farawa ya ɗauki na zare.

A cikin na zare, sunaye uku za ka fi ji. Ender 3 na Creality ya fito a 2018 a kan kusan dala 200, yana buga abu mai faɗin milimita 220 da tsayin 250. Shi ne Fijo 504 na wannan harka: kowa ya san cikinsa, kayan gyaransa araha, duk matsalar da ya ba ka wani ya riga ya yi bidiyonta. Amma tsohon samfurin yana son haƙuri. Da hannu ake daidaita farantinsa, wato inda abin da ake bugawa ke zama, ka zura takarda tsakanin bakin da ke fitar da roba da farantin, ka murɗa wannan kusurwa, ka koma waccan, ka dawo ka tarar ta farko ta goce. Na kwana a kan wannan ba sau ɗaya ba. Sababbin samfuran gidan suna daidaita kansu, don haka in Ender za ka saya, tambayi wane ne.

Bambu Lab kuwa sun shigo kasuwa a 2022 suka canza wasan. Ka ciro daga kwali, ya auna kansa, ya fara aiki, da gudu kuma. Ƙaraminsu A1 mini yana ɗaukar milimita 180 ta kowace fuska, A1 da P1S suna ɗaukar 256, P1S ɗin a rufe yake cikin akwati. Abin lura shi ne kayan gyaransu nasu ne na kansu, ba za ka shiga Beirut Road ko Farm Centre ka ce a ba ka ba. Launi huɗun nan da ya rikita ɗan yayata kuma wata na'ura ce daban mai suna AMS, da kuɗinta daban, kuma duk sanda inji ya canza launi sai ya tofar da zaren da ke bakinsa. Ƙaramin abu mai launuka da yawa yakan zubar da robar da ta fi wadda ta shiga jikinsa. In ka je rumfa, leƙa bayan injin ka ga tulin.

Na uku Prusa, kamfanin Josef Prusa da ke birnin Prague. Injinansu masu aminci ne, suna kuma kula da abokan ciniki, amma da tsada, ga kuɗin dako daga Turai. In ka fara samun kuɗi da sana'ar ka waiwaye su.

Maganar buɗaɗɗe da rufaffe tana da sarƙaƙiya a Kano fiye da yadda mai rumfa zai gaya maka. Da hunturu ƙura tana sauka a faranti, roba ta ƙi kamawa, tana kuma haɗuwa da man sandunan injin ta zama kamar taɓo. Akwati yana maganin wannan. Amma da bazara, sanda zafi ke haura digiri 40, akwatin yana tara zafi har zare ya yi laushi tun kafin ya isa baki, ya toshe hanya. Masu ƙera rufaffun ma da kansu suna cewa a buɗe ƙofa in ana bugu da irin zaren da ake kira PLA. Nawa buɗaɗɗe ne, ina lulluɓe shi da tsohon zanin gado in ba ya aiki, ina goge faranti kafin kowane bugu, kuma muna zaman lafiya.

Zaren ma zaɓi ne. Duk abin da ka gani a tebur yana sheƙi, mafi yawa PLA ne, don shi ya fi sauƙin bugawa, a zafin digiri 200 ko sama kaɗan. Amma yana fara laushi tun wajen digiri 60. Na taɓa buga wa kaina maƙalin waya na mota, na yi ta nuna wa abokai ina alfahari. Wata Juma'a a Afrilu na bar motar a rana na shiga masallaci, na fito na tarar ya sunkuyar da kai kamar alewar da yaro ya manta a aljihu. Abin da zai zauna a mota ko a rana, PETG ake nema, mai jurewa har wajen digiri 80. ABS ya fi shi jure zafi, amma yana son faranti mai digiri 100 da akwati, yana da wari, yana kuma bankarewa. TPU shi ne mai lanƙwasa, na rigar waya. Da damina, musamman Agusta, PETG da TPU suna shan danshi, ka ji baki yana tas-tas, aiki ya fito da gashi-gashi. Bokiti mai murfi da 'yan ƙullin silika mai tsotse danshi ya wadatar. Kuma ka tuna naɗin zare kilo ɗaya ne, masu kago ta jirgi da kilo suke caji, don haka kuɗin zare shi ne zai bi ka har abada, ba kuɗin inji ba.

Sai wuta, uwar matsala. Abu mai girman kofin shayi yana iya cin awoyi. Na taɓa kai awa bakwai a kan wani akwatin rediyo, saura ƙiris, aka ɗauke. Mai rumfa zai ce maka injinsa yana ci gaba daga inda ya tsaya. Haka ne, amma in wutar ta daɗe faranti ya huce, abin yakan saki, in ma bai saki ba layin tabo yana nan a jikinsa. Janareta ma ba magani ba ne, don tsakanin ɗaukewa da tayarwa aikin ya riga ya tsaya. Inbata da batir ko UPS mai ƙarfi su ne mafita. A nan ne ake duba takardar da ke manne a bayan inji. A1 mini wat 150 ne iyakarsa. P1S kuwa a wutar 220 yana iya jan kusan wat 1000 lokacin ɗumama faranti, ko da yake yana sauka sosai bayan ya yi zafi. Ƙaramar inbata za ta yi kuka ta mutu a wannan minti na farko. Wasu Ender kuma suna da ɗan jan maɓalli a gefen akwatin wutarsu mai 115 da 230. In yana kan 115 ka jona a soket ɗinmu, hayaƙi za ka gani.

In ka tsaya gaban rumfa, kada ka wadatu da samfuran da suka jera. Ce a buga a gabanka. Akwai ɗan jirgin ruwan gwaji mai suna Benchy, tsawonsa milimita 60, wanda duk duniya ake gwada inji da shi, amma shi ma kamfanoni sun iya shirya masa. Gara ka je da naka zanen a filash. Tambayi awa nawa da giram nawa samfurin da ya burge ka ya ci. Tambayi farashin baki mai ramin milimita 0.4 da bel da faranti, ka sayi na ajiya nan take. Tabbatar zaren milimita 1.75 yake ci, wanda ya fi samuwa. Sannan ka tambayi wa zai amsa waya a Najeriya in allon injin ya ƙone. In ya fara kame-kame, ka ji amsa.

Abu na ƙarshe da na tambayi ɗan yayata shi ne me zai buga. Ya yi shiru. Wanda bai iya zane ba zai yi wata guda yana sauko da 'yan tsana daga shafukan zanen 3D na Thingiverse da Printables, daga nan inji ya koma ƙarƙashin gado. Na ce ya je ya buɗe Tinkercad, manhajar zanen 3D ce a intanet, kyauta ce, ya auno abu ɗaya da ya karye a gidansu. Bayan kwana huɗu ya dawo da zanen maɓallin fankar babarsa. Muka buga a nawa. Na farko ramin ya yi kaɗan, na biyu ya yi sako-sako, na uku ya shige ƙyas. Ya juya shi a hannu ya ce, "Kawu, ashe launi ɗaya ma ya isa." Ya aika wa mai tafiyar saƙo a kawo masa A1 mini, naɗin PETG biyu da baki na ajiya. Ragowar kuɗin ya ce zai riƙe sai an buɗe filin Zoo Road mu je tare mu taya batir.