Bitar shafin O*NET OnLine ga mai sha'awar koyar da ilimin gandun daji a jami'a

Kwanakin baya wani ɗalibi da ya kammala digirinsa na farko a fannin gandun daji ya zo mini da tambayar da na sha ji daga ire-irensa, wato ko koyar da wannan ilimi a jami'a aiki ne da ya cancanci mutum ya ba shi shekarun ƙuruciyarsa. Ya ce, "Malam, ni zaman ofis ba ya burge ni, daji nake so, shi ya sa nake ganin koyarwa ce za ta dace da ni." Ban ba shi amsa daga kaina ba, sai na buɗe mana shafin O*NET OnLine muka karanta tare, kuma abin da na lura da shi a wannan zama ne ya sa na ga dacewar rubuta wannan bita domin masu irin tunaninsa.

O*NET rumbun bayanai ne a kan sana'o'i wanda Ma'aikatar Ƙwadago ta Amurka take ɗaukar nauyinsa. Ya fara aiki a ƙarshen shekarun 1990, inda ya gaji tsohon kundin sunayen sana'o'i da ma'aikatar ta riƙa bugawa tun 1939, kuma a yau yana ɗauke da bayanin sana'o'i fiye da 900. Kyauta ne, ba a buƙatar rajista, kuma yana buɗewa a waya ba tare da wahala ba domin kusan dukkansa rubutu ne. Kowace sana'a tana da lambarta, kuma ta malaman gandun daji da kimiyyar kiyaye albarkatun ƙasa a manyan makarantu ita ce 25-1043.00. Duk wanda ya rubuta wannan lamba a gurbin bincike zai isa wurin kai tsaye, abin da zai hutar da shi daga ruɗuwa tsakaninta da sana'o'in da ke maƙwabtaka da ita, irin su malaman kimiyyar noma da malaman kimiyyar muhalli, waɗanda kowannensu yake da tasa lambar daban.

Babban abin da shafin ya iya, kuma a nan ne na fi ba shi maki, shi ne jera ayyukan da mai wannan sana'a yake yi a zahiri. Ana tantance jerin ne ta hanyar tambayoyin da ake yi wa masu riƙe da aikin da kuma masana fannin, sannan aka ba kowane aiki maki daga sifili zuwa 100 gwargwadon muhimmancinsa. Mai karatu zai ga shirya lacca da gabatar da ita a kan darussa irin su manufofin sarrafa dazuzzuka da cututtukan itatuwa da zanen taswira, zai ga duba takardun jarrabawa da ba da maki, da ware sa'o'in ganin ɗalibai a ofis, da gudanar da bincike da buga sakamakonsa a mujallun ilimi, da rubuta takardun neman tallafin bincike daga waje, da zama a kwamitocin sashe da na tsangaya. Kula da aikin ɗalibai a ɗakin gwaje-gwaje da a fili yana nan, amma layi ɗaya ne a cikin layuka masu yawa. Na ga ɗalibin nan yana sauka da yatsa a hankali yana neman inda aka ambaci daji, kuma da ya kai ƙarshen jerin sai ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce ashe rabin aikin rubutu ne. Na ce masa ya ma fi rabi. Wannan gyaran fahimta shi kaɗai ya isa dalilin ziyartar shafin, domin da yawa daga masu sha'awar aikin suna tuna malaminsu ne a ranar da ya fita da su cikin itatuwa, ba sa tuna makonnin da ya shafe yana gyara kasafin kuɗin wata takardar neman tallafi wadda wataƙila ma ba a amince da ita ba.

Sai dai wannan layi guda da aka taƙaita aikin fili a cikinsa ya ɓoye abu mai yawa, kuma wanda bai taɓa tsayawa da ɗalibai ashirin a cikin kurmi ba, ba zai gane nauyinsa daga shafin ba. A ranar awon itatuwa malami zai nuna wa ɗalibi ya naɗa tef ɗin awo a jikin itace a daidai tsayin ƙirji, wanda a Amurka ake ɗauka a matsayin ƙafa 4.5 daga ƙasa, kimanin mita 1.37, yayin da ƙasashe da dama suke amfani da mita 1.3. An tsara lambobin tef ɗin ta yadda mutum zai zagaye itacen amma ya karanta faɗinsa kai tsaye. A kan gangare dole a tsaya ta gefen tudu, kuma idan itacen ya kumbura ko ya yi reshe a daidai wurin, akwai ƙa'idar inda za a matsa. Ɗalibin da ya bari tef ya karkace zai ƙara wa itacen ƙiba, kuma idan aka ninka wannan ɗan kuskure a kan dukan filin gwaji har aka kai ga lissafin katakon da ke cikin hekta, sai a ga an yi alkawarin dukiyar da babu ita. Haka nan idan aka murɗa ƙarfen haƙa a jikin itace aka zaro siririn ɓargonsa domin ƙirga zoben shekaru, malami ne zai tsaya a kan ɗalibi har ya iya bambanta zoben gaskiya da na ƙarya. Ga lura da lafiyar kowa, ga yanayin da ba ya jiran jadawalin makaranta. Haƙurin da wannan koyarwa take bukata ba abu ne da maki daga sifili zuwa 100 zai iya bayyanawa ba, kuma ban ɗauki wannan a matsayin babban laifin shafin ba, iyakarsa ce kawai.

Ta fuskar karatu, shafin bai yi wa kowa rufa-rufa ba. Ya sanya wannan sana'a a rukuni na biyar, mafi girma a ma'aunin shirin da ake bukata kafin kama aiki, kuma amsoshin masu aikin sun nuna cewa digirin digirgir ne abin da aka fi nema, wasu ma har da ƙarin aikin bincike na wa'adi bayansa. Sashen da ya jera manhajojin kwamfuta yana da amfani ga wanda har yanzu yake makaranta, domin zai ga manhajar taswira irin ArcGIS da manhajojin lissafin ƙididdiga, ya fahimci cewa ilimin gandun daji na yau ya dogara da hotunan tauraron ɗan'adam da sarrafa alƙaluma kamar yadda ya dogara da sanin itatuwa. Jerin yana sa alama a kan manhajojin da masu ɗaukar aiki suka fi nema, amma bai faɗi wadda za a koya tun yau da wadda za a iya jinkirtawa ba, don haka mai karatu zai iya fita da tunanin cewa sai ya ƙware a dukkansu.

Inda na fi samun saɓani da shafin shi ne batun albashi da guraben aiki. Alƙaluman daga Hukumar Ƙididdigar Ƙwadago ta Amurka suke, ana sabunta su, kuma ana iya duba na jihohi daban-daban, don haka ba na shakkar ingancinsu. Matsalar ita ce yadda ido yake sauka a kan matsakaicin albashi, wanda yake da kyau ƙwarai, ya tsallake adadin masu aikin da ke ƙasansa. Malaman wannan fanni a duk faɗin Amurka ba su kai 5,000 ba, alhali malaman fannonin kiwon lafiya a manyan makarantu sun haura 200,000. Sana'a ce mai ƙunƙuntar ƙofa, wadda gurbi yake buɗewa a cikinta galibi idan wani farfesa ya yi ritaya, kuma idan ya buɗe ba a neman malamin gandun daji kawai, ana neman masanin wutar daji ne, ko masanin tattalin arzikin katako, ko masanin ruwan da ke gangarowa daga dazuzzuka. Wanda ya shafe shekara biyar yana nazarin ƙwarin da ke cin ɓawon itace zai iya jiran shekaru kafin a tallata kujerar da ta dace da shi. Shafin yana da lambobin da za a gano wannan, amma bai ja kunnen mai karatu ba, kuma hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Haka kuma ya haɗa mutane masu rayuwa mabambanta a ƙarƙashin suna ɗaya. Akwai farfesan da ke kan hanyar samun kujerar dindindin, wanda ake auna shi bayan kimanin shekara shida bisa abin da ya buga da kuɗin binciken da ya jawo, akwai malamin kwalejin shekara biyu da ke horar da masu aikin fili, wanda sau da yawa digiri na biyu da gogewa suke isar masa kuma shi ne ya fi kowa fita daji, akwai kuma malamin wucin gadi da ake biya bisa kowane kwas ba tare da tabbacin zango na gaba ba. Ɗalibina da yake son daji, a ganina, na biyun ne ya fi kusa da burinsa, amma ba daga shafin zai san haka ba. Ba zai kuma san dalilin da ya sa kujerun bincike suka taru a wasu jami'o'i ba. Dokar Morrill ta 1862 ita ce ta ba jihohi filaye domin kafa jami'o'in noma da fasaha, dokar McIntire-Stennis ta 1962 kuma ta buɗe hanyar tallafin tarayya ga binciken gandun daji a irin waɗannan makarantu, shi ya sa mai neman aiki zai riƙa cin karo da sunaye irin su Jami'ar Jihar Oregon da Virginia Tech. A irin waɗannan wurare takardar ɗaukar aiki takan raba lokacin malami tsakanin koyarwa da bincike da wayar da kan masu mallakar dazuzzuka, kuma wannan rabo shi ne yake yanke yadda makonsa zai kasance. Ƙungiyar Masana Gandun Daji ta Amurka, wadda masanin gandun daji Gifford Pinchot ya kafa a 1900, ita ce take tantance kwasa-kwasan fannin, kuma jerin makarantun da ta amince da su ya fi nuna wa mutum inda aikin yake.

Akwai gwajin gano sha'awa a shafin My Next Move mai alaƙa da O*NET, wanda aka gina a kan rabe-raben sha'awar aiki guda shida na masanin halayya John Holland. Mun gwada shi, bai ɗauki lokaci ba, kuma ya gaya wa ɗalibin abin da ya riga ya sani game da kansa.

Ga mai karatun da ba a Amurka zai nemi aiki ba, albashin da hasashen guraben ba su shafe shi ba, kuma zai yi kuskure idan ya gina shiri a kansu. Jerin ayyukan da na ƙwarewar da ake bukata kuwa suna da amfani ko'ina, domin lacca da jarrabawa da bincike da kwamiti su ne ginshiƙan aikin jami'a a kowace ƙasa. Shafin da Turanci yake, kuma Turancin na hukuma ne mai bushewa, don haka wanda bai saba ba zai so ya karanta shi tare da wani. Ina ba da shawarar a yi amfani da shi a matsayin zama na farko, a buɗe shi tare da shafukan sana'o'in da ke kusa, musamman na masu kula da gandun daji mai lamba 19-1032.00 da na masana kiyaye albarkatun ƙasa mai lamba 19-1031.00, a gwama jerin ayyukan layi da layi. Da muka yi haka, ɗalibin ya daɗe a kan shafin masu kula da gandun daji fiye da yadda ya daɗe a kan na malamai, sannan ya kwafi lambobin uku a littafinsa, ya ce zai nemi wani malamin kwalejin horar da masu aikin fili ya tambaye shi kwana nawa yake fita daji a kowane zango.