Miyar ƙwai: wane tumatir, wane ƙwai za ki saya?

Toh 'yar uwa, miyar ƙwai dai kowa na ganin ba ta da wani wahala, amma wallahi tun a gaban mai kayan gwari take gyaruwa ko ta lalace, ba a kan risho ba.

Tumatir shi ne magana. In kin je ki nemi UTC, dogon nan mai tauri da kaurin tsoka, ki ɗan matsa shi da yatsa ki ji bai lotsa ba. Shi wancan mai zagaye da ake cika kashi da shi ya fi araha kam, amma ruwa ne zalla da 'ya'ya. Na taɓa kwaso shi saboda na ga banza, na soya na soya ruwan ya ƙi tsotsewa, ga yara na jira za su tafi makaranta, na gaji na fasa ƙwan a haka, sai ga shi ya dagargaje yana yawo a ruwa mai tsami, ran nan da shayi kawai aka ci biredin. Fasasshen da ake warewa gefe kuma dan Allah ki bar musu, miyar nan minti 10 ce a wuta, ba ta da dogon dahuwa.

Lokacin sanyi zuwa farkon bazara, sanda kayan Kadawa da Kura da Danja suka cika kasuwar Yankaba ta Kano, babu dalilin sayen wani abu in ba ɗanye ba. Da damina ne ake shiga uku, kwando ya yi tashin gwauron zabi. Nan sai ki zaɓa tsakanin na leda irin su Gino da kauda, wato busasshen tumatir. Na leda yana ba da kala amma shi kaɗai miyar sai ta yi ɗanɗanon jalof, ni dai cokali 1 nake sawa in haɗa da ɗanye ko guda 2 ne da albasa mai yawa. Kauda tana da daɗi a miyar tuwo, a nan kuwa tana baƙanta ƙwai, kuma in ba ki jiƙa kin wanke sosai ba, to za ki tauna ƙasa.

Ƙwai kuma na gidan gona ya fi dacewa, ya fi girma, 4 sun ishi tumatir 5 da attarugu 2. In gidan da yawa ki sayi kiret, guda 30 ne, ya fi sayen ɗai-ɗai a shago sauƙi, amma ki duba wanda bai sha rana ba. Ƙwan zabi da ake samu da damina ƙwanduwarsa ta fi daɗi, sai dai ƙanana ne kuma ɓawon da tauri, asara ce ki kaɗa shi, ki dafa abinki ki ci da yaji. Kowanne kika saya ki jefa a kofin ruwa, mai kyau zai kwanta a ƙasa, wanda ya taso sama ki yar, kuma ki riƙa fasawa ɗaya-ɗaya a ƙaramin kwano kar baragurbi ɗaya ya ja miki sauran.

Mai kuwa man gyaɗa na masu ƙuli ya fi ƙamshi, ki shinshina kafin a auna miki. Manja sai dai in da doya za a ci.