Shagon zanen barkwanci na kusa da kasuwar Wunti: yadda na ga aikinsa

A cikin jerin shagunan masu rubuta allon talla da yanka hatimi da ke kusa da kasuwar Wunti a Bauchi, akwai wani ɗan ƙaramin shago da ya ƙara wata sana'a a kan waɗanda aka saba gani, wato zanen barkwanci na mutane, irin wanda ake ƙara wa siffar mutum gishiri har duk wanda ya san shi ya fashe da dariya tun kafin a gaya masa ko wane ne. Mai shagon matashi ne da ya karanta fannin zane, kuma yawancin abincinsa daga allunan makarantu da fastocin 'yan siyasa yake samu. Zanen barkwancin kuwa sai an nema yake yi, galibi don kyautar bankwana ga wanda ya yi ritaya, ko kyautar abokan ango, ko ta ɗaliban da suka sauke karatu.

Abokan aikina ne suka wakilta ni in samo kyautar da za mu bai wa shugaban sashenmu, wani dattijo Babarbare da ya cika shekara 35 yana aikin gwamnati. Da yake yawancinmu Fulani ne, ba a taɓa wayewar gari a ofishin nan ba a yi musayar zolaya da shi ba, don haka aka ga zanen barkwanci ya fi agogon bango dacewa. Zane mai launi a takarda girman A3 naira 15,000 aka yi mini, firam da gilashi naira 7,000, kuma ana ba da rabin kuɗin a matsayin kafin alƙalami.

Abin da ya fara burge ni shi ne ƙin karɓar hoton fasfo da mai zanen ya yi. Ya duba shi ya miƙo mini, ya ce: "Yallaɓai, a hoton fasfo kowa kame fuska yake yi. A samo mini bidiyonsa yana magana, ko da gajere ne, sannan a gaya mini abin da ba ya rabuwa da shi." Daga nan ya shiga jero tambayoyi: yadda dattijon yake zama, da hannun da yake nuni da shi, da maganar da ta zame masa jiki, da abin da ake yawan tsokanarsa a kai. Da bidiyon ya samu, sai ya zana kawuna uku da fensir a takarda guda, kowanne da ɓangaren da aka zuzuta, ya ce a zaɓa. A na farko haɓa ya tsawaita, a na biyu kunnuwa, a na uku kuwa girar hagu ya ɗaga sama da tabarau, ya sauko da tabaraun ƙarshen hanci, ya ɗan karkatar da hula zanna bukar zuwa goshi. Na ukun babu wanda ya gani a ofis bai ce "shi ne" ba, domin wannan kallon ne yake yi wa duk wanda ya kawo masa takarda da kuskure a ciki.

A nan ne nake ganin kuɗin ya halatta. Ƙara girman hanci ko kunne abu ne da ɗan firamare ma zai iya, kuma dariyar da yake jawowa ba ta wuce kallon farko. Gwanin zanen barkwanci hali yake kamowa ya ɗora a fuska. A zanen da aka gama, jan biron da dattijon yake gyara mana rubutu da shi ya koma tsawon mashi, an saɓa masa shi a kafaɗa, fayiloli sun taru a gefensa har sun kere hularsa. Can ƙarƙashin tebur kuma, inda ido ba ya kaiwa da wuri, an ajiye ƙwaryar fura da nono da ludayi a ciki, an ɗan rufa mata faifai, ga ƙafar dattijon tana ƙoƙarin tura ta ciki kada a gani. Ba mu muka ba da wannan shawara ba. Mai zanen ne ya ji cewa Babarbare ne a tsakiyar Fulani, ya san wasan da ke tsakanin ɓangarorin biyu, ya fitar da zolayar da kansa: mai kushe Fulani da baki, ga shi ba ya iya yini sai da nononsu. Manhajojin waya da suke mayar da hoto katun a cikin daƙiƙa kaɗan, kuma a kyauta, ba za su kawo wannan ƙwarya ba, domin fuska kawai suke gani, ita ma goge ta suke yi har kowa ya koma kama da kowa.

Ya kuma san iyakar wasa. Kafin ya sa tawada sai da ya tambaya ko a fito da tsagar da ke kumatun dattijon, ya ce idan an fito da ita, yadda take zai bar ta, ba ƙari ba ragi, domin gado ce. Ya ce ba ya taɓa nakasar mutum, ba ya shigar da iyalinsa, kuma ba ya kusantar abin da ya shafi addini. Wannan ita ce ƙa'idar da barkwancin Hausa yake tafiya a kanta tun asali, ko tsakanin taubasai, ko jika da kaka, ko Kanawa da Zage-zagi, ko Katsinawa da Nufawa: akwai wanda yake da hurumin yi maka wasa, akwai kuma inda wasan yake tsayawa. Zanen da ya tsallake wannan iyaka ya tashi daga barkwanci ya koma zambo, kuma ba a ba da zambo kyauta a walimar bankwana.

Amma jikin da ya ɗora wa wannan kai mai kyau bai kai shi ba. Salon nan ne da ya cika intanet, na ƙaton kai a kan ɗan tsurut ɗin jiki, kuma da ka duba samfuran da ke shagon za ka ga kusan jiki ɗaya ne ake canza wa tufafi. Babbar rigar ta fito a sandare, ba ta da naɗi ko zubin da rigar gaske take yi a kafaɗar mai ita, hannuwan kuma sun yi ƙanƙanta har ba a gane yatsu. Dattijonmu mutum ne mai tafiya a ɗan duƙe, hannu ɗaya a baya, wanda ana gane shi daga nesa ko fuskarsa ba a gani ba, duk wannan bai shiga zanen ba. Samfuran mata sun fi ba ni takaici, domin a nan ya ajiye barkwancin gaba ɗaya ya koma kwalliya: an ƙara girman ido, an siranta hanci, an haskaka fata. Da na yi masa magana sai ya ce: "Yallaɓai, idan na zana Hajiya yadda take, ba za a biya ni cikon kuɗina ba." Wataƙila gaskiyarsa ce ta fuskar ciniki, sai dai haskaka fatar ba a kan mata kaɗai ta tsaya ba, don shi ma dattijonmu, wanda baƙi ne wuluk, ya fito wankan tarwaɗa, sai da aka sake bugawa.

Zanen da suka fi kowanne ƙarfi a shagon ba na sayarwa ba ne, suna manne ne a bango da salatif. Akwai wanda ya yi a kan ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin da aka sauya fasalin naira: mai POS yana zaune a kan karaga da rawani, an riƙe masa laima, ga manyan alhazai a durƙushe a gabansa kowa da katin banki a hannu yana kai gaisuwa. Wani kuma na bayan cire tallafin man fetur ne a watan Mayun 2023, inda mota take kan duwatsu a ƙofar gida kaji suna ƙwai a cikinta, mai ita kuwa ya naɗe babbar riga ya hau keke, makullin motar yana reto a wuyansa. Babu rubutu ko kalma ɗaya a jikinsu, kuma ba sa bukata. Wanda bai iya karatu ba zai fahimce su daidai da farfesa, wannan kuwa shi ne abin da ya sa jaridu suka riƙe zanen barkwanci tun zamanin Akinola Lasekan, wanda ya riƙa caccakar mulkin mallaka da alƙalaminsa a jaridar West African Pilot ta Nnamdi Azikiwe a shekarun 1940, har zuwa Mustapha Bulama na Daily Trust, wanda zanensa yake yawo a wayoyin mutane fiye da labarin da ke kusa da shi a shafin.

Abin lura shi ne babu fuskar wani sanannen mai mulki ko ɗaya a bangon. Da na tambaya, sai ya yi murmushi ya ce yana da kuɗin haya da zai biya. Ban ga laifinsa ba. Sana'ar tana da tarihin jawo wa mai ita wahala: a Faransa an ɗaure Honoré Daumier wata shida a 1832 saboda ya zana Sarki Louis-Philippe yana haɗiye dukiyar talakawa, a nan gida kuma dokar laifukan intanet ta 2015 ta sha zama hujjar kama mutane kan abin da suka wallafa. Mai zanen jarida yana da edita da lauya a bayansa, wannan kuwa shi kaɗai ne, kuma 'yan siyasar nan su ne masu ba shi aikin fasta. Don haka wanda yake neman a zana masa abokin hamayya don ya watsa a Facebook ya nemi wani wurin. A ganina ma rashin fuskokin bai rage wa zanen komai ba, domin mai POS mai rawani ya faɗi abin da ya faru da mu a wancan lokacin fiye da yadda zanen wani gwamna da ƙaton ciki zai faɗa.

Ta fuskar cika alkawari akwai gyara. Ranar da ya yanka ta wuce aikin bai kammala ba, uzurin kuwa rashin wuta ne da wani aikin fastoci da ya faɗo masa, saboda haka mai bukata ya kai aikinsa da sauran lokaci, musamman idan kakar siyasa ta kama. Rubutun da aka sa a ƙasan zanen ya fito babu lanƙwasa a haruffan da suke da ita, sai da na zauna kusa da shi aka gyara, don haka a rubuta masa abin da ake so a takarda, a kuma duba a allon kwamfuta kafin a buga. Firam ɗin na roba ne mara nauyi, bai kai kuɗinsa ba, gara a karɓi zanen a kai wa masu firam na katako.

Ya kamata mai saye ya san cewa abin da zai karɓa bugu ne. Da fensir da tawada yake fara zanen a takarda, sannan ya ɗauke shi zuwa kwamfuta ya zuba launi ya buga. Na hannun, baƙi da fari, ya fi rai nesa ba kusa ba, domin ana ganin inda alƙalami ya danna da inda ya sassauta, kuma yana bayar da shi idan an nema an ɗan ƙara wani abu. Haka nan shi da kansa yakan tambaya ko wanda za a bai wa kyautar yana rataye hoton mai rai a ɗaki, tunda mutane da yawa a garin nan suna ƙyamar hakan saboda abin da suka ji daga malamansu, kuma ga irin waɗannan yana saka zanen a cikin jakar kwali maimakon firam.

Yana kuma da al'adar ɗora ayyukan da ya gama a shafinsa na Facebook don talla, ba tare da ya tambayi masu su ba. Zolayar da ta yi daɗi a tsakanin abokan aiki ba lalle ta yi wa dattijo daɗi ba idan surukansa suka ci karo da ita a waya. Na roƙe shi kada ya ɗora namu, bai kuwa ɗora ba, amma sai an faɗa masa tun ranar da aka ba da kafin alƙalami.