Dukku ko Argungu? Ka tafi Argungu

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka tambaye ni wanne ya fi tsakanin hawan Dutsen Dukku na Birnin Kebbi da tattakin bakin gulbi a Argungu; ka tafi Argungu kawai, kar ka tsaya dogon shawara.

Daga Birnin Kebbi tafiyar kamar awa ɗaya ce a mota. In ka fita bayan sallar asuba, rana ba za ta yi zafi ba kana Matan Fada, wurin da ake bikin su, wato kamun kifin nan na Argungu. Bikin ya samo asali ne a 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama ziyara bayan doguwar gaba, kuma a 2016 UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake adanawa. Amma ni ba lokacin biki nake son wurin ba, ƙura da turmutsutsu sun yi yawa. Ranar da babu kowa ita ce ranar tattaki. Ka bi gaɓar gulbin ta gefen gonakin shinkafa, injinan ban ruwa na ta ƙugi, balbelu na bin shanu, zalɓe na tsaye a ruwa yana dakon kifi. Ƙasa shimfiɗe take, ko mai ciwon gwiwa zai iya.

Da hunturun bara na je da ɗan yayata. Can ƙasa da Matan Fada muka iske wani dattijon masunci yana ɗinkin homarsa, gorarsa na gefe. Yaron ya tsaya yana leƙa bakin gorar, shi a zatonsa ruwan sha ake zubawa. Tsohon ya yi dariya, ya tura ta cikin ruwa, ya kwanta a kanta da ciki yana tafiya da hannu, ya nuna masa cewa ita ce jirgin, ita ce kuma ma'ajiyar kifin. Da na miƙa masa ɗan abin goro sai ya ce, “Haba ɗana, ai baƙo ba ya biyan kuɗin kallo.” Shi ne kuma ya ja mana kunne cewa ba a jefa ko ƙugiya a Matan Fada sai lokacin su, Sarkin Ruwa na sa ido. To ka kiyaye, kar wani cikinku ya ce zai gwada fatsa.

In hantsi ya dubi ludayi sai ku hauro cikin gari ku shiga gidan tarihin Kanta. Tsohuwar fadar sarakunan Kabi ce, aka mayar da ita gidan tarihi a 1958. Akwai masu da takubba da tambura, ga kaburburan sarakunan Kabi, ga sanyin ginin ƙasa bayan ka sha rana. Ku yi azahar, ku ci abinci, ku kamo hanya da sauran rana. Kar ku bari magariba ta same ku a titi.

Dukku kuwa, to, yana kusa dai, ko da babur ka je. Jan dutse ne da tsakuwa, inuwa ba ta taka kara ta karya ba, ka hau ka hangi fadama ka sauko. Barikin soja na nan kusa, saboda haka ba ko'ina ake ɗaga waya ba.

Ba ka tambaya ba, amma ka ji wannan. Akwai samarin da za su tare ku a bakin ruwa su ce su ne 'yan jagora, wai sai an biya kuɗin shiga. Ka ce su kai ka wurin wanda ya aiko su, za ka ga sun sulale. Mai kwalekwale kuma ku gama ciniki tun kuna tudu, ka faɗa da bakinka cewa kuɗin na zuwa da dawowa ne, in ba haka ba sai kun tsallaka ya ce na komowa daban. Jirgin da aka cika maƙil da mutane da buhuna, kar ka shiga ko kyauta ne. Masu kifi banda ma wasunsu manya suke jerawa a saman kwando, ƙasa duk gutsattsari da mai ƙwari. Ka sa a juye a gabanka, ka karya guda ka shinshina, wanda ka ji yana warin maganin ƙwari ka bar musu abinsu.

Ku je tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Da damina fadamar ruwa ce da laka, a Afrilu kuma zafin ya fi ƙarfin tattaki. Ka sa kambas, silifa ba ta jure ƙaya, kowa kuma ya riƙe ruwansa daga gida.