'Yan Shila ko Manya: Wanne Mai Fara Kiwon Tattabarun Tsere Zai Saya?

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya: yana so ya fara kiwon tattabarun tsere, irin waɗanda ake saki daga nesa su dawo gida. Shin 'yan shila zai saya, ko manya da suka riga suka gwanance da tashi?

Ɗan'uwa, irin wannan tattabara inda ta fara tashi nan ta ɗauka gida. Duk bambancin daga nan ya taso.

Babba dai kuɗinta ya fi yawa, amma kana ganin abin da ka saya: ƙirji, fiffike, lafiyar ido. Ka haɗa namiji da mace, cikin kwana goma ko makamancin haka sai ƙwai biyu, su yi kwanci na kwana 18 su ƙyanƙyashe. Matsalarta ɗaya ce, kuma babba ce. Ka saye ta a Kano ka kai Zariya, ranar da ka buɗe mata ƙofa, cikin awa biyu zuwa uku tana kan rufin tsohon mai ita. Wasu kan tsare ta sai ta yi ƙwai ko 'ya'ya kafin su sake ta. Wani lokaci dabarar ta ci, wani lokaci ta bar ƙwan ta tafi abinta. Saboda haka babba ta iri ce, a ɗaki za ta zauna, 'ya'yanta ne za su yi maka tsere.

Ɗan shila kuwa a karɓe shi yana da kwana 28 zuwa 35, ya iya tsattsagar hatsi amma fiffike bai yi ƙwari ba. Duba ƙarƙashin fiffiken: in gashi ya rufe wurin, ya isa rabuwa da iyaye. Kwanakin farko ka riƙa tsoma bakinsa a ruwa, domin da yawa ƙishirwa ke kashe su alhali ga ruwa a gabansu. Wanda ka ga ya takure yana lumshe ido, bai sha ba ne.

Sai sabo da gida. Ka sa su a keji a bakin ƙofar shiga na mako guda, suna kallon unguwa. Duk lokacin ba da abinci ka kaɗa gwangwani da hatsi a ciki, har su gane ƙarar. Sakin farko da yamma ake yi, da yunwa a cikinsu, kuma kada kowa ya kore su su tashi. Wanda ya ƙoshi ba ya jin kira, a kan rufi zai kwana, kyanwa ko shaho su same shi. Gram 30 zuwa 35 ya ishi kowace tattabara a rana: dawa, masara, alkama da wake, gyaɗa 'yar kaɗan, ga ƙananan tsakuwa a gefe.

Idan garken ya fara ɓacewa daga gani na kusan awa guda yana dawowa, wajen wata uku ke nan, sai a fara kai su nesa: kilomita 2, 5, 10, 20, har 50, kowane zango sau biyu ko uku. Ranar da hazo ya rufe gari a haƙura.

Raunin 'yan shila cuta ce. Ka buɗe baki ka duba maƙogwaro. In ka ga wani abu rawaya-rawaya kamar cuku ya manne, ciwon da iyaye ke ɗura musu ne wajen ciyarwa, kuma metronidazole ake ba su bisa awon likitan dabbobi. Allurar rigakafin cutar murɗewar wuya ma a wannan shekarun ake yi. Kowace sabuwar tattabara, babba ko ƙarama, a ware ta mako biyu kafin ta shiga cikin sauran.

Mu dai shawararmu: 'yan shila shida zuwa goma, sa'annin juna, daga hannun mai kiwon da za ka ga iyayen da idonka. Ka sayi fiye da biyu domin wajen horo sai an yi asarar wasu. Manya kuwa sai ranar da ka gina musu ɗaki mai shirayin waya inda za su sha rana ba tare da sun fita ba.