Shirin girgizar ƙasa da shirin ambaliya, wanne ya fi kamata a gidajenmu?

Salamu alaikum. Ƙanwata ta Marwa naga tambayarki tun daren jiya, kince tunda kika kalli bidiyon girgizar ƙasar Turkiyya da ta Maroko bacci ya ƙaurace miki, kina son sanin yadda ake shirya gida, kuma ko shirin ɗaya ne da na ambaliya. Toh ni a Kuseri nake zaune, ruwan 2022 ya fitar damu daga gida cikin dare, shiyasa nace bari in zauna in jera miki su biyun kusa da juna. Akwai inda suka haɗu, akwai kuma inda shirin ɗaya yake karo da na ɗayan gaba da gaba.

Babban bambancinsu shine sallama. Girgizar ƙasa bata sallama. Ta Turkiyya da Siriya ranar 6 ga Fabrairun 2023 da asuba ta zo, ƙarfe huɗu da 'yan mintuna mutane na cikin bargo, ƙarfinta maki 7.8, sama da mutum dubu 50 suka rasu. Ta Maroko 8 ga Satumban wannan shekarar wajen sha ɗayan dare, maki 6.8, kusan mutum dubu 3, kuma yawancinsu a ƙauyukan duwatsun Atlas ne masu gidajen laka da dutse, wannan ne ma yasa abin ya fi taɓa mu don gidajen sun yi kama da namu. Har yau babu wani masani da zai iya ce miki ranar kaza ƙarfe kaza zata zo. Kenan duk abinda zaki yi mata sai dai ki yi shi tun yanzu, a jikin gini da yadda kika jera kayan ɗaki da abinda kika koya wa yara.

Ambaliyarmu kuwa sallama take yi har ta gaji. Kogin Logon daga tudun Adamawa yake gangarowa ya bi ta Mundu da Bongor da Yagwa, kogin Shari kuma daga Afirka ta Tsakiya ya bi ta Sar, su haɗu anan bakin Kuseri da Njamena. Ruwan da aka yi can kudu a Agusta sai yayi makonni kafin ya iso mana, shiyasa zaki ga Oktoba tayi, damina ta ɗauke, rana na dukan ka, amma kogi kullum ƙara hawa yake. A 2022 da idona nake gani, akwai wata bishiyar darbejiya a bakin dig ɗinmu, wato shingen ƙasar da aka yi don tare kogi, yau ruwa na gindinta, bayan kwana uku ya rufe inda yara ke ɗaure jaki, samari na ta cika buhuna da ƙasa dare da rana. Kowa ya gani. Amma muka zauna, baban yara yace dig ɗin zai riƙe, Inna surukata tace ita a ɗakin nan ta haifi 'ya'yanta duka babu inda zata, nima ina tsoron mu bar gida ɓarayi su kwashe keken ɗinkina. Daren da dig ya ɓalle da fitilar waya muka fita, ruwa iya gwiwa, Inna a bayan ɗanta, ni da goyo da ɗaya a hannu, buhun gero biyu da muka saya da kuɗin adashe muka bar su a ƙasa, bayan sati biyu da muka leƙa sun tsira sun yi wari. Wallahi ba rashin labari ya cuce mu ba, jinkiri ne.

Sai maganar wanne ya fi kusa damu. Ba zan ce miki ƙasar nan bata motsi ba. Akwai layin duwatsu masu aman wuta da ya taso daga dutsen Kamaru can Buya, ya ratsa yamma da Adamawa har duwatsun Kapsiki na wajen Rumsiki, dutsen Kamaru ma yayi aman wuta a 1999 da 2000. Tafkin Nyos ya fitar da iska mai shaƙewa daren 21 ga Agustan 1986, mutum sama da 1,700 suka rasu harda dabbobi dubbai. Amma wannan duk can ne nesa damu, kuma mu nan arewa bama kan irin babbar tsagar ƙasar da Turkiyya ke kai, kakanninmu basu bar mana labarin garin da girgiza ta rusa ba. Ruwa fa? 2012 Binuwai ya cika aka saki ruwan dam ɗin Lagdo, Garwa da ƙauyukanta suka sha, Maga ma haka. 2020 gadar Palar taku ta Marwa ta karye. 2022 gwamnatin Chadi sai da ta ayyana dokar ta-ɓaci a Oktoba, unguwannin Waliya da Tukra na Njamena duk suka nutse. 2024 kuwa ba'a magana, a Chadi sama da mutum 500 suka rasu, kusan miliyan 2 abin ya shafa, anan yankinmu na Arewa Mai Nisa a Kamaru abin ya shafi sama da dubu 400, gadar Yagwa ta tafi, ga dam ɗin Alau da ya ɓalle wa 'yan uwanmu na Maiduguri a Satumba. Don haka ni a nawa ganin in kina da sefa dubu goma ta shiri, dubu tara ki kashe wa ruwa. Shirin girgiza dama yawancinsa baya cin kuɗi.

Ki lura kuma ruwanku na Marwa ba irin namu bane. Naku na mayo ne, wato kogin da ke ƙafewa da rani, Mayo Kaliyawo da yara ke buga ƙwallo a yashinsa da rani, in aka tafka ruwa kan duwatsun Mandara cikin ɗan lokaci zai taho da ƙarfi ko da ku a gari ko ɗigo ba'a yi ba. Wannan ya ɗan yi kama da girgiza wajen rashin bada lokaci. Dan Allah a Agusta da Satumba ki hana yara wasa ko tsallake mayo in hadari ya haɗu ta wajen duwatsu.

Gini. Ruwa ta ƙasa yake cin gidan laka, ya jiƙa gindin katanga ya narkar da ita sai ta zauna gaba ɗaya, wani lokaci ma bayan ruwan ya janye. Mutane da yawa ba nutsewa ke kashe su ba, bangon da ya sha ruwa ne ke faɗo musu suna bacci. Maganinsa yaɓe kafin damina, a ɗaga dokin ƙofa, a zagaye gindin bango da siminti ko bulo in da hali, a yashe kwata da rariya. Girgiza kuma ta sama da kusurwa take kamawa, ta raba bango da bango sai rufi ya rufto, shiyasa soro mai azara da lakar da aka jibga masa ya fi haɗari akan rufin kwano mara nauyi. In zaku yi sabon gini na bulo karki yarda magini ya tsallake shenaj, ɗamarar nan ta kankare da rodi da ake zagaye gini da ita ƙasa da sama, ita ke ɗaure bangwaye su zama abu ɗaya, kuma tana amfani a duka biyun. Bango mai tsaga kuwa a gyara shi kawai, kada a kwantar da yara jikinsa.

Inda suka yi karo shine ajiyar kaya. Ruwa cewa yake ɗaga komai sama. Girgiza cewa take sauko da mai nauyi ƙasa. Mu mata kuma kinsan mu da jere, kabad cike da tangaran da kuloli da langa-langa har rufi, sau da yawa daidai kan gado. Abinda nayi bayan mun dawo, na sa kafinta ya kafe kabad ɗin da bango, na matsar da gado daga ƙarƙashinsa, tukwane da tangaran masu nauyi suka koma ƙasa don su ko sun jiƙe wankewa kawai za'a yi. Sama kuma sai mara nauyi mai tsoron ruwa, takardu da atamfofi da littattafan yara da Alƙur'ani. Buhunan gero da dawa da shinkafa na jera bulo uku-uku na ɗora katako, in kuma naga kogi ya fara hawa sosai turawa nake a amalanke gidan yayata da ke kan tudu, bana jira.

Lokacin da abin ke faruwa ma kowanne da nasa. Girgiza in kina cikin ginin kankare ko bene ba'a gudu a bi matakala, durƙusawa ake a shige ƙarƙashin tebur mai ƙarfi, a kare kai da wuya, a riƙe ƙafar tebur ɗin har ta lafa, a nisanci gilashin taga. In ɗakin laka ne na ƙasa kuma ƙofa na kusa, taku biyu uku kin fita, toh tsakar gida ta fi, amma tsakiyar fili ba jikin katanga ko ƙarƙashin wayar kuran, wato lantarki, ba. Bayan ta lafa kar a koma ɗakin da ya tsage don tana maimaitawa, a rufe tukunyar gas, kar a ƙyasta ashana in ana jin warinsa. Ruwa kuma fita ake tun ƙafa na bushe. In ya riga ya shigo a fara kashe kuran daga kwanta, wato mitar lantarki, da busasshen hannu, in kwantan ma ruwa ya kai a barshi. A kwance awaki da tumaki, dabbar da ke ɗaure ita ke fara mutuwa. Ruwa mai gudu ko santimita 15 ne, ɗan sama da idon sawu, yana kayar da babba, santimita 30 yana jan ƙaramar mota balle moto. A riƙe sanda ana dogarawa saboda ramin shadda da rijiya da basa ganuwa, ga macizai da kunamu suma tudun da kike nema shi suke nema. Lambar 'yan kwana-kwana anan Kamaru 118 ce, ki koya wa manyan yaran.

Abinda ya haɗa su duka jaka ce guda ɗaya, tawa tana rataye bayan ƙofa. Ciki akwai akt, wato takardar haihuwar yara, katin ɗan ƙasa, takardar fili, kwalin makaranta, katin rigakafi, duk na nannaɗe a leda biyu na saka cikin ƙaramin bokiti mai murfi, kuma na ɗauki hotonsu na tura wa ƙanena a Ngaundere ta WhatsApp. Karki raina wannan, maƙwabciyata akt ɗin 'yarta ya narke a ruwa, shekarar jarrabawa ta zo suka yi ta zarya tsakanin kotu da ofishin magajin gari wata da watanni. Sai tocila da batir, pawabank, ƙaramar rediyo, ashana a leda, gidan sauro, sabulu, audugar mata, maganin hawan jinin Inna na sati biyu, tufafi kala ɗaya ɗaya, garin kwaki da ƙuli da dabino da sukari, abinda ake ci ba sai an hura wuta ba. Kuɗi kuma ki raba biyu, wani a Orange Money ko MoMo, wani a hannu ƙananan canji, don ranar da babu caji ko rezo, wato sabis ɗin waya, mai kwale-kwale tsaba yake karɓa. Makullin ƙofa da takalma su kwana wuri ɗaya kullum inda hannu zai kai a duhu.

Ruwan sha shine na fi so ki riƙe. Abin tausayi ruwa ko'ina amma babu na sha, shadda ta cika ta haɗe da rijiya, daga nan sai gudawa da amai, kwalara kenan, sai zazzaɓin sauro ya biyo baya. Bayan girgiza ma haka ne in bututu suka fashe. Masu aikin agaji lita 15 suke ƙiyasta wa mutum ɗaya a rana, sha da girki da wanki, kinga gida mai mutum takwas jarka shida ta lita 20 kenan kullum, ba kowa ke da wurin wannan ba, amma ko jarka uku huɗu masu murfi ki ware na sha kaɗai kina canja ruwan. Wanda baki yarda dashi ba ki tace da tsaftataccen ƙyalle ki tafasa sosai, ko ki sa ƙwayar Aquatabs yadda aka rubuta a takardarta ki jira minti 30. In yaro ya fara gudawa babu 'yar ledar ORS, wato garin ruwan gishiri da sukari, a kusa, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ana bashi kaɗan kaɗan ana kan hanyar asibiti.

Ki kuma zauna da maigida tun yanzu ku tsayar da magana, gidan wa za'a je, wa zai ɗauki wane yaro, wa zai kama tsohuwa, in an rabu ina za'a haɗu, mu filin makarantar firamare muka zaɓa don yana kan tudu kuma babu dogon gini kusa. Ki karɓi lambar bulama ko jauron unguwarku, su ke fara jin labari. Mu yanzu mun sa alama da fenti a jikin darbejiyar nan, baban yara yayi alƙawari gaban Inna ranar da ruwa ya taɓa fentin za'a kaita gidan yayata da ita da yara da keken ɗinki, ko da rana tsaka ne kuma ko maƙwabta basu motsa ba. Inna da kanta ta zaɓi inda aka shafa fentin.