Bakaniken Ƙofar Ruwa da ya dawo wa Hiace ɗina da ƙarfinta

Duk mai motar gas da aka canja wa taimin bel (bel ɗin da ke daidaita lokacin aikin sassan inji) ta dawo ba ƙarfi, akwai wani dattijon bakanike a layin masu gyaran injakta na Ƙofar Ruwa da nake so ya sani. Garejin ba shi da allo, rumfar kwano ce da benci da teburin da yake kwance famfon injakta (mai tura wa inji gas) a kai. Ba kyan wuri zai kai ka ba, aikin hannun mutumin ne.

Motata Toyota Hiace ce mai injin 5L, lita 3, ba tabo (turbo), famfonta irin na da wanda ba ruwansa da kwamfuta. Da ita nake ɗaukar kayan masarufi daga Singa ina raba wa masu shaguna a Hotoro da Naibawa. Da fitilar T-BELT, mai nuna lokacin canja taimin bel ya yi, ta kama a dashbod sai na kai ta wani gareji a unguwarmu aka sa sabon bel. Tun daga ranar ta sauya hali. Da safe sai an daɗe ana murza makulli kafin ta tashi, in ta tashi kuma ta yi ta aman farin hayaki mai yaji a ido. Da lodi a kan gadar sama ta Ƙofar Nassarawa sai na koma giya ta biyu, totur a ƙasa, 'yan adaidaita sahu suna wuce ni. Ga shan mai, ga allurar zafi tana ɗagawa. Waɗanda suka yi aikin suka ce gurɓataccen gas na sha, aka canja filtar mai. Suka ce nozul, aka wanke. Daga baya suka murza sukurun mai na famfo, hayakin ya koma baƙi, ƙarfin dai shiru.

Tambayar farko da dattijon nan ya yi mini ita ce, “Alhaji, mene ne na ƙarshe da aka taɓa kafin ta fara?” Na ce bel. Ya ce, “To can za mu, amma bari mu fara sallamar masu araha.” Ya zaro filtar iska ya haska ta da rana, don ƙurar Kano ita kaɗai tana iya shaƙe inji. Ya danna ɗan famfon hannu da ke saman filtar mai ya ji ko iska na shiga layi. Ya sa yaronsa ya take totur har ƙasa, shi kuma yana duba ko wayar tana jan hannun famfo zuwa ƙarshe. Duk lafiya. Sai a lokacin ya ce a ɗaga kujera a kwance murfin taimin.

Nan ne na ga bambancinsa da sauran. A wannan injin bel ɗaya ne ke ɗauko juyi daga karanshaf ya kai wa kamshaf da famfon injakta, kuma kowanne cikin ukun yana da alamarsa da dole ta zauna daidai da ta jikin inji. Ya juya injin da sufana a hankali har alamar karanshaf ta hau. Ta kamshaf ta yi daidai. Ta famfo kuwa ta saura baya da haƙori ɗaya. Ya kira ni na leƙa da fitilar wayata na gani da idona, bai ce in yarda da maganarsa kawai ba. Ya yi mini bayani cewa injin gas ba shi da fulogi mai tartsatsi, zafin iskar da fistin ya matse ne ke kunna mai, don haka lokacin da famfo ya fesa man shi ne komai. Idan feshin ya makara, fistin ya riga ya fara sauka, man ba zai ƙone sosai ba, sai ya fita ta salansa a farin hayaki, ƙarfin ya zama zafi. Ya ce wannan kuskure yana da sauƙin faruwa, domin fulin famfo yakan zame da kansa lokacin ɗora bel, ko kuma a bar sako-sako a ɓangaren da bai dace ba, da an saki tenshina, wato abin da ke ɗame bel, sai alamar ta goce. Maganinsa a juya injin da hannu zagaye 2 bayan an ɗaure, a sake duba alamun uku kafin a rufe. Ya ƙara da cewa in gode wa Allah ba kamshaf ne ya goce da yawa ba, da bawul sun gamu da fistin, da maganar sauke tof, wato kan inji, ake yi.

Ya gyara zaman bel ɗin, ya mai da sukurun mai inda yake, sannan ya ɗaura agogon awo a bayan famfo ya daidaita shi. Bai sa na sayi komai ba. Ya ce bel ɗin mai kyau ne, sai dai ya nuna mini tenshinar tsohuwa ce aka mayar, ya ce kada in bari ta kai wani canjin. Kuɗin aikinsa bai kai abin da na kashe a filta da wankin nozul ba. Washegari da sanyin asuba makulli ɗaya ta tashi, kuma na hau gadar da cikakken lodi ban nemi giya ta biyu ba.

Wurin yana da nasa aibu, kuma gara ka sani tun daga gida. Mutumin ba ya sauri, ba ya kuma barin yara su taɓa famfo, saboda haka layi yakan yi tsawo, mai motar haya zai iya rasa yininsa. In hannunsa na cikin aiki ba ya ɗaga waya. Ba a ba da rasit, ni kuwa ina ganin aikin da ya shafi ran inji ya cancanci a rubuta kwanan wata da kilomita. Ba shi da na'urar duba kwamfutar mota, don haka masu sababbin Hiace irin 1KD da 2KD yakan faɗa musu gaskiya su nemi mai na'ura. Idan za ka je, ka isa da sassafe, kada ka bari a sake murza maka komai a famfo kafin ya gani, kuma ka tafi da kwalin bel ɗin da aka sa maka, don lambar jikinsa yake fara dubawa.